Shatin Yatsana a Jirgin Baba

Masu karatu, yau zan tona wa kaina asiri, don haka wadda ta bar tukunya a kan wuta ta je ta sauke tukuna. Ku kuma da kuke ta aiko mini da saƙo kuna cewa, "Baiwar Allah, wai me kike jira da Mai Tabarau?", amsarku tana nan, amma sai kun bi ta cikin jirgin ruwa kafin ku iso gare ta.

A falonmu, jikin taga, akwai wani tebur da ko Mama ba ta isa ta ɗora masa kofi ba. A kansa jirgin yake. Jirgin ruwan yaƙi ne na Japan na zamanin da, irin mai shimfiɗaɗɗen doro wanda jiragen sama suke sauka a kai su tashi. Na roba ne, an rage girmansa sau ɗari uku da hamsin, tsawonsa ya kai daga kafaɗata zuwa kan yatsuna. Ba a haɗe yake zuwa ba. Cikin kwali yake, gutsi-gutsi sama da ɗari takwas, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Kai za ka yanko kowanne da reza, ka goge bakinsa, ka manna, ka yi masa fenti.

Babana mai gyaran agogo ne, shekara arba'in yana sana'ar. Wani mutum da ya tayar wa da agogon kakansa, bayan masu gyara huɗu sun ce ya mutu, shi ya kawo masa kwalin don godiya. Baba ya haɗa gangar jikin jirgin, ya shafe ƙasansa da jan fenti, ya ɗaure shi a kan katako da kusoshi biyu. Daga nan yanar ido ta fara rufe masa gani. Shekara shida ke nan. Likita ya ce aiki ne na rabin awa, Baba ya ce idon da ya yi shekara arba'in yana leƙa cikin agogo da shi babu mai sa masa wuƙa. Mama ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi kuka, ko gezau.

Sai na zama hannunsa. Duk Asabar da Lahadi da yamma, in na dawo daga kantin maganin da nake aiki, muna zama a teburin. Ni ina duba takardar bayani ina karanta lambobi, shi yana shafa kowane gutsure da yatsa kafin na manna. Tun daga lokacin ya daina kiran sunana, sai "Hannuna". Wallahi ban taɓa jin sunan da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Teburin yana da dokoki, kuma Baba ba ya wasa da su. Ba a taɓa jirgi sai an wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, kuma a duniya mu biyu kaɗai aka taɓa cewa mu wanke. Ba a ɗaga jirgi daga katakonsa. Ba a manna ƙananan jiragen saman a doro, don Baba yana son ya riƙa tura su da yatsa yana sake musu layi. Sai babbar doka, gam kaɗan. Gam ɗin wannan aiki ba irin na takarda ba ne, narkar da robar yake yi har gutsure biyu su zama ɗaya. In ya ɗiga inda bai kamata ba, ka ɗauke hannunka ka bar shi ya bushe.

To ga laifina. Shekara biyu da suka wuce, ranar da muke shimfiɗa doron, Mama ta ƙwala mini kira daga kicin. Ina waiwayawa ɗigon gam ya faɗa tsakiyar doro, daidai kan layukan nan sirara da aka zana kamar katako. Kafin hankalina ya dawo na sa babban yatsana na danne shi, wai zan goge. Ina ɗagawa na ga zanen yatsana ya zauna daram a cikin robar, kowane layi ya fito.

"Lafiya, Hannuna?" in ji Baba.

"Lafiya lau, Baba. Atishawa ce ta maƙale mini."

Na bi shi da fenti, fentin ya ƙara fito da shi. Da muka zo kan jiragen sama sai na ɗauki guda uku na manne su a wurin, fiffike na taɓa fiffike. Da yatsan Baba ya zo ya tura su suka ƙi motsi, na ce, "Takardar ce ta ce waɗannan ukun a manne su." Ya ce, "To, in takarda ta ce." Ga mai shafawa babu komai a wurin. Amma mai ido in ya sunkuya zai hango shatin yana leƙowa ta tsakanin fukafukai. Na ci gaba da rayuwata ina amsa sunan Hannuna, ina gaya wa kaina ai Baba ba zai taɓa gani ba. Ku zage ni, na cancanta.

Yanzu ga Mai Tabarau. Shagonsa na tabarau yana jikin kantinmu. Dogo ne, mai tsabta har ta yi yawa, irin wanda in kana magana da shi zai zare maka tabarau daga fuska ya goge ya mayar ba tare da ya katse hira ba. Na shiga sayen gilashin ƙara girma, ya tambaye ni na mene ne, na ce na jirgin yaƙi. Ya ce shi dai sai ya ga jirgin nan. Tun daga ranar yake kira na Kyaftin, kuma tun daga makon nan wata bakwai ke nan bai fasa zuwa gidanmu ranar Asabar ba. Zai gaishe da Mama, ya sha shayi da Baba, ya tsaya a gefen tebur hannuwansa a baya kamar ɗan makaranta, don babu wanda ya ce masa ya wanke hannu.

Mama kuwa tun zuwansa na biyu ta gama yanke hukunci.

"Ke wai me kike jira? Yaro da hankali, da sana'a, da kunya."

"Mama, na ce masa sai mun gama jirgi."

"Jirgin da ko a baho ba zai yi iyo ba? Shekara shida ana abu ɗaya. Ni da wata tara na gama ki gaba ɗaya, har da farce."

Gwaggo, yayar Baba, ita ta waya take nata. Saƙon murya na minti tara, na goma sha ɗaya, duk a kan maganar. Ina sa shi a kunne ina yankan farfela, in ta tsaya shan numfashi na rubuta mata "To Gwaggo". Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ina son mutumin nan, so na gaske, har in na ji ƙarar babur ɗinsa hantsaki yana kuɓuce mini. Amma in na tafi, wa zai zama hannun Baba?

Ashe shi Mai Tabarau yana can yana nasa aikin a hankali. Bai taɓa yi wa Baba maganar asibiti ba. Wata Asabar dai yana tsaye ya ce, "Baba, wane launi ne doron nan?"

"Ruwan katako, da fararen layuka. Haka Hannuna ta ce."

"Haka ne kuwa. Sai dai akwai yadda hasken taga yake kwanciya a kansa da yamma, wannan kam ba ya faɗuwa da baki."

Shi ke nan abin da ya ce. Baba ya kwana uku ba ya magana sosai. Rana ta huɗu muna karyawa ya ajiye kofi ya ce, "A sa mini rana da likitan nan." Mama ta saki cokali, ta rungume ni, ta rungume labule, ta rasa wanda za ta kira da farko. Ni ma na yi tsalle, na yi kuka, na yi dariya. Sai da na je wanke kofuna, hannuna cikin kumfa, na kalli babban yatsana, na tuna yanzu Baba zai ga shatin.

Ba ɓata jirgin ne ya dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai, Baba zai gane na fake da rashin ganinsa na yi masa ƙarya, ni da ya miƙa wa amanar idonsa. Na goge hannu na ɗauki waya.

"Kana da abin goge roba a shago?"

"Akwai, Kyaftin. Wa ya yi laifi?"

"Ka zo da shi gobe da rana, lokacin da Baba yake barci. Kada ka tambaye ni."

"Zan zo. Amma zan tambaya."

Ya zo, ya sunkuya da gilashinsa, hannu a baya, ya daɗe yana kallo. Na ba shi labarin duka, ina magana ƙasa-ƙasa ina leƙen ƙofar ɗakin Baba. Da ya ɗago na ga yana danne dariya.

"Yatsan naki ma kyakkyawa ne."

"Ba wasa na kira ka ba."

"To ga gaskiya. In na goge, layukan katakon za su tafi tare da shi, wurin ya yi sulɓi, ya fi yanzu fitowa. In aka ce a sake doro, sai an ɓalle rabin aikinku." Ya mayar da gilashin aljihu. "Kuma ko da zan iya, ba zan yi ba. Ki gaya masa."

"Kai ne fa ka ja mini wannan!"

"Na sani. Kuma ko gobe aka dawo da ni zan sake."

Na raka shi ƙofa ban ce masa ya gaida gida ba. Ina dawowa na canja sunansa a wayata daga Mai Tabarau zuwa Mai Taurin Kai. Ya aiko da saƙo huɗu a ranar, na karanta duka ban amsa ko ɗaya ba. Na ƙarshen cewa ya yi, "Fushinki ma na karɓa, amma ki ci abinci."

Aka yi aikin ranar Laraba, idon dama. Washegari da safe aka cire filastar, ni da Mama muna tsaye a bakin gado, Mai Taurin Kai yana can jikin bango. Baba ya ƙifta ido, ya ƙifta, hawaye na zuba. Ya juya ya tsaya a kan Mama ya daɗe.

"Ashe kin yi furfura ba ki gaya mini ba."

"Kai ka sa mini ita," in ji Mama, tana kuka tana gyara ɗankwali.

Ya kalle ni ya ce na yi kama da mahaifiyarsa fiye da yadda ya bar ni. Ya kalli bango ya ce, "Wannan dogon fa, shi ne mai shanye mini shayi?" Har ma'aikaciyar jinyar sai da ta yi dariya. A hanyar gida Baba ya karanta mana duk allon shagon da muka wuce, da ƙarfi, har da na mai faci. Ban taɓa jin farin ciki irin na wannan safiya ba.

Amma kafin su shigo falo na riga su da gudu na lulluɓe jirgin da farin ƙyalle. Na ce likita ya ce kada a matsa wa ido da ƙananan abubuwa sai ya huta, kuma wannan kam gaskiya ne. Baba ya ce babu laifi, ya jira shekara shida, zai iya jiran kwana tara. Cikin kwanakin nan sau uku ina zuwa gabansa da niyyar faɗa. Na farko na ƙare da tambayarsa ko a ƙara sukari. Na biyu na ɗiga masa maganin ido na gudu. Na uku ya ce, "Hannuna, akwai magana ne?" na ce a'a, farashin sabulu ne ya tashi.

Asabar ta zo. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan maɓallai a hannu, na cire, na sa shuɗiya, na koma ruwan tokar. Mama ta leƙo ta ce in dai don dogon nan ne shuɗiyar ta fi, na ce ni ba don kowa nake yi ba, ta ce ta gani. Da yamma ya iso da tabarau na karatu a ƙaramin akwati. Ya sa wa Baba da kansa, ya gyara masa a kan hanci, ya koma wurin tsayuwarsa. Ni da Baba muka wanke hannu. Na janye ƙyallen.

Baba ya gyara zaman tabarau. Ya fara daga gaban jirgin, hancinsa kusan yana taɓa roba. Ya ga sarƙar anga. Ya ga ƙananan bindigogin da muka yi wata biyu a kansu, waɗanda ya sani da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ga jajayen da'irori a fukafukan jiragen sama. Ya tsaya a kan wayoyin hasumiya, waɗanda na yi da ragowar roba, na gasa a kan kyandir na ja har ta yi siririya kamar gashi.

"Ke kika ja wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Ko ni a zamanina sai na yi sau biyar." Hasken taga ya kwanta a kan doron, ya ɗago ya kalli Mai Tabarau ya gyaɗa kai.

Sai ya matso tsakiya. Saura tsawon yatsa ya kai ga jiragen nan uku. Na kalli dogon, shi kuma ya kafe ni da ido.

"Baba," na ce, "takarda ba ta ce ba."

Ya tsaya.

"Ba ta ce a manne su ba. Gam ne ya ɗiga, na sa yatsa, shatin ya zauna. Na rufe shi da jiragen, na yi maka ƙarya saboda na san ba za ka gani ba. Shekara biyu ke nan. Ka yafe mini." Ban kai ƙarshe ba kuka ya ƙwace mini.

Baba ya sunkuya ya leƙa tsakanin fukafukan, ya daɗe. Sai na ga kafaɗunsa suna motsi. Na ɗauka kuka yake yi, ashe dariya ce.

"Atishawar da ta maƙale," ya ce. "Hannuna, takardar nan na haddace ta tun idona yana gani. Kuma warin gam ɗin ranar har cikin maƙogwarona na ji shi."

"Ka sani? Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Ba ni da bakin magana." Ya juya wajen ƙofa, inda Mama take tsaye da faranti da kofuna. "Ara mini ɗan madubin nan na jakarki."

Mama ta kawo tana tambayar me za a yi da shi. Baba ya zura madubin a ƙarƙashin jirgin, tsakanin kusoshin nan biyu, ya karkata shi ya ce na duba. A can ƙasan, cikin jan fenti, ga shatin babban yatsa, ya ninka nawa faɗi, har da tabon da tsinken agogo ya taɓa yi masa.

"Ranar kwalbar gam ta karkace ban gani ba, sai da na ji danshi," in ji Baba. "A nan na san idona ya fara tafiya. Na shafa fenti, na ɗaure jirgin a katako, na kafa dokar kada a ɗaga. Wata biyar ina ɓoye wa uwarki."

"Wata biyar!" in ji Mama. "Ato. Ashe gado ne."

Na yi dariya da hawaye har na shaƙe. Baba ya kama babban yatsana ya haɗa da nasa ya ce kada a kuskura a goge ko ɗaya. Nauyin da na ɗauka shekara biyu ya sauka a lokaci guda, na zauna.

Baba ya jawo kwalin ya girgiza. Abu ɗaya ne ya yi ƙara a ciki, sandar tuta ta bayan jirgi, siririya kamar allura. Ita kaɗai ta rage. Ya ɗora mini ita a tafin hannu.

"Ni yanzu ina gani. Wata mai zuwa a yi ɗaya idon, na koma kan agogona. Sunanki dai ba zan canja ba, amma na sallame ki daga gadina." Ya nuna gefe da haɓa. "Wannan bawan Allah kuma wata bakwai yana tsaye hannu a baya, ko sau ɗaya bai yi ƙorafi ba. Teburin nan naki ne kamar yadda yake nawa. Ke za ki ce."

Mama ta daina numfashi, na rantse na ji lokacin da ta daina. Na kalli sandar a tafina, na kalli takalman dogon, don fuskarsa kam ban iya kallo ba.

"Sabulu yana nan bakin famfo," na ce. "Har gwiwar hannu."

Mutumin nan mai natsuwa ya juya da sauri har ya bugi ƙofa da kafaɗa. Mama ta dire farantin shayi a kan teburin da aka hana ta shekara shida, babu wanda ya ce mata uffan, ta zaro waya. Kafin famfo ya daina zuba na ji muryar Gwaggo tana cewa kada kowa ya motsa, gobe da sassafe tana hanya, kuma akwai tambayoyi goma sha biyu da yaron zai amsa mata.

Ya dawo hannuwa a sama, ya goge su, ya zauna a kujerata. Na miƙa masa hantsaki da kwalbar gam. Sai na ga hannun nan da yake ɗaura kusar tabarau ba tare da ya duba ba yana karkarwa, ɗigon gam yana lilo a bakin buroshi, daidai saman doron.

"Kai! Gam kaɗan!" na ce, na kai hannu zan ƙwace.

Baba ya riƙe mini wuyan hannu, yana kallonsa ta saman sabon tabarau.

"Bar shi, Hannuna," ya ce. "Akwai sauran wuri a doron."